Manhajar da ke Gyara Manhaja: Tarihin Ƙaurar Rubutun Kwamfuta Daga 1963 Zuwa Yau

Kowace manhaja da ke cikin waya, ko injin POS, ko babbar kwamfutar banki, asalinta rubutu ce. Wani ne ya zauna ya tsara ta layi bayan layi da ɗaya daga cikin harsunan kwamfuta. Rubutun ba ya ruɓewa, amma abin da ke kewaye da shi ba ya zama wuri ɗaya: sabuwar na'ura ta fito, masu harshen su sauya nahawunsa, hukuma ta canza kuɗi ko tsawon lambar asusu, ko a gano ɓarakar da ɓarayi ke bi. Idan layi ɗari biyu ne, ɗalibi guda zai gyara su tsakanin azahar da la'asar. Idan miliyan hamsin ne, ko an tara injiniyoyi ɗari sai an shekara ana abu ɗaya, kuma gajiya kaɗai ta isa ta sa su zuba kurakurai.

Shekara sittin ke nan dabarar da aka fi komawa gare ta ita ce a rubuta ƙa'ida mai cewa duk inda aka ga kaza a mayar da shi kaza, sannan a miƙa wa wata manhaja ta bi rubutun kaf tana aiwatarwa. Tambayoyi biyu ne suka riƙe tarihin wannan dabara. Ta farko, yaya zurfin ganewar da manhajar gyaran take yi wa abin da take taɓawa. Ta biyu, wuyan wa wahalar ƙaurar za ta hau, wanda ya kawo canjin ko wanda canjin ya faɗo wa.

1959 zuwa 1981: Makamin kasuwa

Rikicin kasuwa ne ya haifi abin. A Oktoban 1959 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutar 1401, wadda ta yi farin jini har aka girka fiye da 10,000. Kamfanoni suka rubuta lissafin albashi da na kayan sito da harshen Autocoder na wannan na'ura. Duk wanda ya zuba shekaru yana rubutu a kanta ya shiga hannu, domin barin IBM na nufin sake komai daga tushe.

A Disambar 1963 sai kamfanin Honeywell ya fito da H200, ya haɗa ta da wata manhaja mai suna Liberator, wadda ke karɓar shirin da aka rubuta wa 1401 ta juya shi ya dace da sabuwar na'urar. Masu saye suka fara tsallakawa, hankalin IBM ya tashi. Ranar 7 ga Afrilu 1964 ya sanar da System/360, ya kuma bi wata hanya daban: kada a taɓa tsohon rubutun, a sa sabuwar na'ura ta riƙa kwaikwayon tsohuwa. Tun daga lokacin hanyoyin nan biyu ke tafiya tare. Juya rubutu na da wahala a yau amma yana kashe magana. Kwaikwayo na da sauƙi, sai dai bashi yake tarawa. Tsofaffin ma'aikata na ba da labarin cewa an tarar da shirye-shiryen 1401 suna aiki ta hanyar kwaikwayo har ƙarshen shekarun 1990. Zancen baka ne da ya yaɗu a tsakaninsu, ba ƙidaya ba ce.

A farkon shekarun 1960 ɗin dai ƙungiyar masu amfani da kwamfutocin IBM mai suna SHARE ta samar da SIFT, domin kwashe shirye-shirye daga Fortran II zuwa Fortran IV. Da kamfanin Intel ya fitar da ƙwaƙwalwar kwamfuta 8086 a 1978, shi ma ya wallafa ƙa'idojin juya rubutun tsohuwar ƙwaƙwalwarsa ta 8080. A kan waɗannan ƙa'idoji ne Tim Paterson na wani ƙaramin kamfani a Seattle ya gina 86-DOS a 1980, ta yadda shirye-shiryen tsohon tsarin CP/M da aka juya za su yi aiki ba tare da wahala ba. Microsoft ya saye shi a 1981, ya zama MS-DOS, wanda a kansa Windows ta fara tsayawa.

1951 zuwa 1987: Nemo ka musanya

Wani reshen tarihin ya faro daga lissafi. A 1951 masanin lissafi Stephen Kleene ya tsara hanyar bayyana siffar jerin haruffa a taƙaice, yadda za a ce, alal misali, duk kalmar da ta fara da harafi kaza ta ƙare da lamba biyu. Ken Thompson na ɗakin bincike na Bell a Amurka ya ɗauko wannan ya sa a manhajar gyaran rubutu, har ya kai ga ed, editan Unix na farko. Daga ed aka ciro grep a 1973. Ana cewa Thompson ya rubuta shi cikin dare ɗaya bayan wani abokin aiki ya roƙe shi. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa yana da abin a ajiye tun tuni, ɗan gyara kawai ya yi masa kafin ya kawo. Tsakanin 1973 da 1974 Lee McMahon ya rubuta sed, wanda ke bin fayil layi-layi yana musanya duk abin da ya dace da siffar da aka ba shi. Perl na Larry Wall ya biyo a 1987 da ƙarfin da ya fi haka. Har gobe layin sed guda na iya gyara fayil dubu kafin a ƙifta ido.

Aibinsa ɗaya ne, kuma babba: haruffa yake gani, bai san ma'ana ba. Marubutan Hausa sun ɗanɗana wannan da kansu. A shekarun 1990, kafin tsarin Unicode ya zama ruwan dare, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera wa kwamfuta haruffa masu ƙugiya, kuma irin waɗannan haruffa suka bazu a maɗaba'u da jami'o'i. Dabarar ita ce a ari gurbin wata alama a ɗora mata ƙ ko ɗ ko ɓ. Shi ya sa idan an buɗe tsohon kundi a kwamfutar da ba ta da waɗannan haruffan sai a ga }asa da ]aya da ~angare, a wani tsarin kuma qasa da xaya da vangare. Wannan ciwo ƙa'ida na warkar da shi nan take: kowace } ta koma ƙ, kowace ] ta koma ɗ. A tsari na biyu ne ake fara tuntuɓe, domin ƙa'idar da ta mayar da v zuwa ɓ za ta ɓata sunan Victoria. Amma wanda ya buga littafinsa babu ƙugiya ko ɗaya ya fi kowa shiga uku. Idan aka ce a mayar da kowace kasa ta zama ƙasa, to "ya kasa zuwa" da "kasafin kuɗi" da "makasa" duk sun lalace. Abin da zai raba su ba ya cikin haruffan, yana cikin jumla. Haka rubutun manhaja yake: suna ɗaya kan iya nufin abu uku a fayil ɗaya.

1985 zuwa 2002: Li'irabi, da daren shekarar 2000

Maganin da masana suka kawo shi ne wanda ɗalibin nahawu ya sani: a yi wa rubutun li'irabi, a zana bishiyarsa, a san wanne ne suna wanne ne aiki, sannan a yi gyaran a kan bishiyar, a mayar da ita rubutu. A 1985 James Cordy da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto ta Kanada suka fara harshen TXL domin rubuta irin waɗannan ƙa'idoji. A 1992 William Opdyke ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Illinois a kan yadda za a sauya ƙirar shiri ba tare da an sauya abin da yake yi ba, kuma ya jera sharuɗɗan da dole su cika kafin kowane gyara ya halatta. John Brant da Don Roberts suka mayar da wannan kayan aiki a harshen Smalltalk. Littafin Martin Fowler na 1999 ya kai maganar ga talakawan masu rubuta manhaja, kuma zuwa 2001 IntelliJ IDEA da Eclipse sun sa sauya suna a fayil ɗari ya zama danna maɓalli.

Babban gwajin dabarar ya zo ne da shekarar 2000. A zamanin katin hudawa, wanda gurbi 80 kacal gare shi, ma'ajiya na da tsada, don haka aka saba rubuta shekara da lamba biyu, 74 a madadin 1974. Masu rubutun COBOL, harshen bankuna da hukumomi tun 1959, ba su zaci shirye-shiryensu za su kai shekara talatin suna aiki ba. Bob Bemer ya yi gargaɗi a rubuce tun 1971, ba wanda ya saurara. Sai da Peter de Jager ya buga maƙalarsa a mujallar Computerworld a 1993 manyan kamfanoni suka farga cewa 00 za ta koma 1900, kuɗin ruwa da shekarun fansho da ranar ƙarewar magani duk su birkice.

Gyaran kansa ba wuya gare shi ba. Wahalar ita ce gano wace lamba ce kwanan wata a cikin layuka miliyoyi da marubutansu suka yi ritaya ko suka rasu. Manhajojin gyara suka riƙa farawa da sunayen da ke kama da na kwanan wata, sannan su bi sawu: duk inda aka zuba wannan lamba, ko aka gwada ta da wata, ita ma waccan ta shiga zargi. Kayan aikin da aka gina a kan TXL sun tace layuka biliyoyi na bankunan Kanada da wasu kamfanoni. A Indiya, Tata Consultancy Services ya buɗe abin da ya kira masana'antar gyara a Chennai, kuma wannan kwangila na cikin abubuwan da suka ɗaga kamfanonin manhaja na Indiya zuwa idon duniya. Hanyoyi biyu aka bi. Ko a faɗaɗa shekarar zuwa lamba huɗu, wanda ke buƙatar a taɓa har bayanan da ke ajiye, ko a yi faci: a ce daga 00 zuwa 19, misali, na ƙarni na 21 ne, sauran na ƙarni na 20. Facin ya fi arha, shi aka fi zaɓa, kuma a Janairun 2020 wasu na'urorin da aka yi wa shi suka sake tuntuɓe. Ma'aikatar kasuwanci ta Amurka ta ƙiyasta ƙasar ta kashe kusan dala biliyan 100. Ƙiyasin duniya baki ɗaya ya kai wajen biliyan 300.

Daren Juma'a 31 ga Disamba 1999 ya faɗo cikin goman ƙarshe na azumin Ramadan. A Tamawa da Kurfi da Dutsin-Ma na jihar Katsina, tunda wayar GSM ba ta ma shigo Najeriya ba sai 2001, ta rediyo labarin ya iso, tare da jita-jitar cewa jirage za su faɗo, duniya ta tsaya cak. Aka wayi gari lafiya. Daga nan wata magana ta samu gindin zama, wai dama can damfara ce. Abin da ke rubuce bai goyi bayan haka ba: a wani asibiti a Sheffield ta Ingila, kuskuren lissafin shekaru ya sa aka ba mata masu juna biyu 154 sakamakon gwaji da ba daidai ba. Gaskiya ne kuma cewa ƙasashen da suka kashe kuɗi kaɗan, irin su Italiya, ba su ga wata babbar masifa ba, don haka muhawara a kan ko an wuce gona da iri wajen kashe kuɗi halattacciya ce.

Kusan lokaci guda Turai ta yi tata ƙaurar. Ranar 1 ga Janairu 1999 ƙasashe 11 suka shiga kuɗin yuro a lissafin banki, takardun kuɗin suka fito a 2002. Doka ta ƙayyade farashin canji da lambobi shida, ta kuma ce mai juya faran na Faransa zuwa mak na Jamus dole ya bi ta yuro tukuna. Aiki ne da ya dace da inji sarai, tunda ƙa'idar a bayyane take. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke shigowa Jibiya yana ɗauke da gadon wannan rana a aljihunsa: sefa 655.957 a kan yuro ɗaya.

2006 zuwa 2018: Linux

Zuciyar Linux, wadda ke ƙarƙashin kowace wayar Android, Tecno ce ko Itel ko Samsung, tana da layuka miliyoyi, mafi yawansu na sarrafa na'urori ne iri-iri. Idan aka sauya wani aiki a tsakiya, dole a bi dubban wuraren da ke kiransa. Daga tsakiyar shekarun 2000 Julia Lawall da Gilles Muller da abokan bincikensu a Faransa da Denmark suka gina Coccinelle. Hikimarsa ita ce ƙa'idar tana kama da facin da masu Linux suka riga suka saba karantawa, layin cirewa da layin ƙarawa, sai dai guda ɗaya na aiki a fayil dubu, kuma yana bin hanyoyin da shirin ke bi, ba jerin haruffa kawai ba. A 2018 masu shi suka ƙirga gyare-gyare fiye da 6,000 da suka shiga Linux ta hanyarsa.

2008 zuwa 2020: Python da Go

A nan ne tambaya ta biyu ta fito fili. Ranar 3 ga Disamba 2008 aka saki harshen Python 3.0, wanda da gangan ya saɓa wa Python 2. Mai harshen, Guido van Rossum, da jama'arsa sun san za a sha wahala, sai suka haɗa shi da 2to3, tarin ƙa'idojin da ke juya tsohon rubutu. Wasu gyare-gyaren ya yi su tsaf, kamar sa wa umarnin print baka biyu. Amma manyan canje-canjen ba a fuskar rubutu suke ba. A Python 2, biyar a raba biyu biyu ne. A Python 3, biyu da rabi ne. Alamar rabawar iri ɗaya ce, kuma tunda Python ba ya tilasta a faɗi nau'in kowace lamba tun farko, 2to3 ba shi da hanyar sanin wanne marubucin ke nufi. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne raba rubutun mutane da tsurar bayanan inji. Python 2 ya cakuɗa su, abin da ya sa shiri kan yi lafiya da Turanci amma ya faɗi da zarar ya ci karo da ƙ ko harafin ajami. Python 3 ya mayar da duk rubutu Unicode, alheri ne ga Hausa da Larabci, sai dai kowane wuri sai mutum ya duba da idonsa ya yanke hukunci.

Ga kuma matsalar jiran juna. Mai shiri ba zai ƙaura ba sai taskokin da ya dogara da su sun ƙaura, masu taskokin kuma ba za su bar tsohon harshe ba tunda jama'arsu na can. Da yawa suka watsar da 2to3 suka koma rubuta abin da zai yi aiki a harsunan biyu, da taimakon taskar six ta Benjamin Peterson. An sa 2015 a matsayin ƙarshen Python 2, a 2014 aka ɗaga zuwa 1 ga Janairu 2020. Dropbox, inda van Rossum kansa ya yi aiki, ya fara kwashe manhajarsa ta kwamfuta mai layi sama da miliyan a 2015, sai 2018 ya ba da labarin kammalawa. Shi kuwa 2to3, an cire shi daga Python 3.13 a Oktoban 2024, domin nahawun harshen ya girme shi.

Go ya bi wata hanya. Robert Griesemer da Rob Pike da Ken Thompson ɗin nan na grep suka ƙirƙire shi a Google, aka bayyana shi a Nuwamban 2009. Tun farko ya zo da gofmt, wanda ke tilasta wa kowa tsarin rubutu guda, don haka inji na iya warware fayil ya sake ɗinke shi ba a ga tabo ba. Kuma harshe ne da ake sanin nau'in kowane abu tun kafin shiri ya tashi. A Afrilun 2011 Russ Cox ya gabatar da gofix, aka kuma ɗauki al'ada: wanda ya sauya wani abu a taskar harshen, shi zai rubuta ƙa'idar da za ta gyara wa jama'a rubutunsu. Da haka suka yi ta rushewa da ginawa har Go 1 ya fito a Maris 2012, suka yi alkawarin ba za su sake karya tsohon rubutu ba. Adalci ya sa a faɗi cewa Go jariri ne a lokacin, masu amfani da shi kaɗan ne, alhali Python ya shekara kusan ashirin a hannun jama'a. Duk da haka bambancin bai tsaya ga girma ba. Python ya miƙa kayan aiki ya bar kowa da nauyinsa, Go kuwa ya ɗora nauyin a kan mai kawo canji.

2012 zuwa 2022: Manyan rumbuna

Google ya mayar da wannan doka a cikin gidansa wajen 2012: sashen da ya ga dama ya kashe tsohon tsari, shi zai kwashe masu amfani da shi, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wani rahoto na ma'aikatansa a 2016 ya ce rumbun rubutun kamfanin guda ɗaya ne, mai layi kusan biliyan 2. Gyara ɗaya ba zai shiga irin wannan rumbu a dunƙule ba, don haka suka gina Rosie, wadda ke yanka babban gyara gunduwa-gunduwa, ta gwada kowace, ta aika wa masu wannan ɓangaren su sa hannu. Da ita da ClangMR na harshen C++ da Refaster na Java suka yi ayyuka irin na maye gurbin scoped_ptr, wanda ya bayyana a wurare fiye da 500,000. Facebook ya saki jscodeshift a 2015, kuma ya saba haɗa sabon fitowar taskarsa ta React da ƙa'idojin ƙaura.

A Netflix babu rumbu guda, kuma babu mai tilasta wa wani sashe. Jonathan Schneider ya sha ba da labarin cewa idan ya roƙi sassa su bar wata tsohuwar taska, amsar da yake samu ita ce ba su da lokaci, amma in zai yi musu aikin za su karɓa. Daga nan ya fara abin da ya zama OpenRewrite wajen 2016, ya kuma kafa kamfanin Moderne da Olga Kundzich a 2020. Bishiyar da OpenRewrite ke ginawa tana riƙe da nau'in kowane suna da asalin taskar da ya fito, tana kuma adana tazara da sharhin marubuci yadda ya bar su. A ɓangaren PHP, harshen WordPress da Moodle, Tomas Votruba na ƙasar Czech ya fara Rector a 2017.

Abin da ya fi tallata waɗannan kayan aiki rigimar lauyoyi ce. A 2017 Oracle ya miƙa Java EE ga gidauniyar Eclipse, amma ba a daidaita a kan sunan javax ba. Sakamakon haka Jakarta EE 9 ya sauya sunayen zuwa jakarta a ƙarshen 2020, kuma da Spring Boot 3 ya fito a Nuwamban 2022 ya zama dole ga duk mai son ci gaba. Mai gaggawa zai ce aikin sed ne. Ba haka ba ne, domin javax.servlet ya ƙaura amma javax.sql da javax.crypto suna nan daram, tunda na gangar jikin Java ne. Musanyar makanta za ta karya shirin.

2004 zuwa 2024: Rabon Najeriya

Najeriya ba ta yi suna wajen ƙera waɗannan kayan aiki ba, amma ta sha ƙaura iri-iri, mafi yawa na bayanai da na tsarin banki, waɗanda dangin ƙaurar rubutu ne ko da ba abu ɗaya ba ne. A Yulin 2004 gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya ɗaga jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa 25, kuma zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25. Unity Bank kaɗai haɗakar bankuna tara ne, ciki har da Bank of the North, kowanne da nasa tsarin lissafi da na lambar asusu. A zamanin Sanusi Lamido Sanusi aka kawo NUBAN, aka fara aiki da shi a 2011: kowane asusu ya koma lamba 10, tara na jeri, ta ƙarshe kuma ana lissafo ta daga sauran domin kama kuskuren bugawa. Duk manhajar da ta ɗauka lambar asusu na da wani tsawo daban sai da aka bi ta.

A 2024 abin ya taɓa aljihun talaka kai tsaye. Sterling ya koma kan SeaBaas, manhajar da aka gina a gida. Zenith ya koma Flexcube. GTBank ya koma Finacle a watan Oktoba. Kwanaki aka yi masu ajiya na kokawa da tura kuɗin da bai isa ba. Mai sayar da hatsi da ya tsaya gaban mai POS a Dutsin-Ma, abin da aka ce masa shi ne babu netwok. Ba a nan kaɗai ake haka ba: a Afrilun 2018 ƙaurar bankin TSB na Birtaniya ta rufe wa mutane kusan miliyan 1.9 hanyar asusunsu, shugaban bankin ya sauka a watan Satumba.

2024 zuwa 2038

Shigowar ƙirƙirarriyar basira ta sake dama lissafin. A Agustan 2024 shugaban Amazon, Andy Jassy, ya ce manhajarsu Amazon Q ta rage musu aikin da zai ci shekarun ma'aikaci 4,500 wajen ɗaga shirye-shiryensu zuwa Java 17. Iƙirarin kamfani ne mai kayan sayarwa, a karɓe shi da wannan sanin. Abin lura shi ne Amazon ɗin ya bayyana cewa OpenRewrite na cikin abin da aikin ya tsaya a kai. Ƙa'ida, in an gwada ta an tabbatar, abu ɗaya za ta yi a wuri dubu goma, kuma mai dubawa na iya karanta ta sau ɗaya ya amince. Ƙirƙirarriyar basira na iya shiga inda ƙa'ida ta tsaya, irin wurin rabawar Python ko bambance kasa da ƙasa, amma hasashe take yi, kuma kowane gyara nata sai an duba shi daban. Hanyar da ta fi kama hankali a yanzu ita ce a bar wa ƙa'ida abin da ke maimaituwa, a ba basirar ragowar, gwaje-gwaje su yi alƙalanci a kan su duka.

Akwai ranar da ta riga ta tsayu. Tsare-tsaren da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairu 1970 cikin gurbi 32 za su cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya, su koma 1901. Linux ya shimfiɗa maganin tun fitowar 5.6 a 2020, Debian ya yi tasa babbar ƙaurar a 2024, amma ƙananan na'urorin da aka girka aka manta da su ba za su gyara kansu ba.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Hassan Usman Katsina suna yaye masu ilimin kwamfuta kowace shekara, kuma galibin aikin da zai tarbe su gyaran rubutun wasu ne. Ya kamata malamansu su riƙa ba su tsohon shiri, irin na PHP 5 da aka daina yi wa facin tsaro tun ƙarshen 2018, su ce a kwashe shi da Rector a kuma kawo hujjar cewa bai canza hali ba. Sassan Hausa da ke da kundaye cikin tsofaffin haruffa su haɗa kai da su a mayar da su Unicode. Hukumomi da makarantun jihar Katsina da ke ba da kwangilar manhaja kuwa, su sa a takardar yarjejeniya cewa ɗan kwangila zai miƙa ainihin rubutun manhajar da gwaje-gwajenta kafin a biya shi kason ƙarshe.